Babi na Shida: Tattasan Komadugu da Dokar Ta-ɓaci

Daga Disamba zuwa Maris, duk wanda ya bi gaɓar kogin Komadugu Yobe daga Maine Sorowa ya nufi gabas, ta Shetimari da Diffa da Geskeru har Bosso, ja ne zai cika masa ido. An shanya tattasai a kan rairayi, fili na bin fili. Mata da yara suna tsince ruɓaɓɓe, samari suna ɗurawa a buhu suna dannawa, dillalai suna zagaye suna ɗibar kaɗan a tafin hannu don su ga ko ya bushe sosai. Ƙamshinsa kan sa baƙo atishawa tun bai sauko daga mota ba. Yawancin wannan tattasai ba a Nijar ake cin sa ba. A tukwanen Maiduguri da Kano yake ƙarewa, wani ya wuce har kudancin Najeriya, kuma uwargidan da ke daka shi a can ba lalle ta san daga wace ƙasa ya fito ba.

Kafin 2015, alƙaluman da hukumomin noma na jahar ke bayarwa sun nuna kwarin Komadugu na fitar da kimanin tan 10,000 na busasshen tattasai a shekara, abin da kuɗinsa ke kai miliyar 7 zuwa 10 na sefa, kuma kusan kashi 80 cikin 100 Najeriya yake tafiya. A jahar da ƙidayar 2012 ta samu mutum ƙasa da 600,000, wannan dukiya ce babba. Shi ya sa ake ce masa jan zinare. Da kuɗinsa ake aure, da shi ake sayen shanu, da shi ake zuwa Makka, da shi kuma ake cika rumbu da gero, domin gonar damina a nan ba ta riƙe gida shekara guda.

Ruwan sama a kewayen Diffa bai cika wuce milimita 300 a shekara ba. Abin da ya raya kwarin shi ne kogin, wanda ba a Nijar yake tasowa ba. Ruwan Hadeja da na Jama'are ne ke haɗuwa, su ratsa dausayin Nguru da Gashuwa, sannan su zo su zama iyaka tsakanin ƙasashen biyu na tsawon kimanin kilomita 150, kafin su faɗa Tafkin Chadi kusa da Bosso. Kogin na wani lokaci ne: ya zo da damina, ya cika ya tumbatsa wajen ƙarshen shekara, ya bar tafkuna a gefensa, ya ja baya da rani. Barebarin Mobar da ke zaune a gaɓoɓinsa biyu sun daɗe suna noman alkama da kayan miya da jigo. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980, lokacin da tafkin ya janye, dabbobi suka mutu, gero ya ƙi, sai ƙaramin injin ban ruwa ya shigo daga Najeriya tare da fetur mai arha. Mutumin da jigo ke ba shi damar shayar da ƴan fangali sai ya koma shayar da eka guda ko biyu. Daga nan tattasai ya mamaye kwarin.

Noma ne mai cin kuɗi da cin ƙarfi. Ana yafa iri da damina, a yi dashe kafin ruwa ya ɗauke, sannan a shiga ban ruwa na watanni, ana zuba taki, ana feshin ƙwari. Tsinka ba sau ɗaya ba ce, ana komawa gona sau da dama har zafi ya shigo. Ƙaramin manomi ba ya da jarin wannan duka, don haka sai ya je wurin ɗan kasuwa ya karɓi taki da mai bashi, a kan zai biya da buhunan tattasai idan kaka ta yi. Injin daga Najeriya, kayan gyaransa daga Najeriya, taki da fetur daga Najeriya, mai saye ɗan Najeriya, kuɗin cinikin ma naira. Daga Diffa zuwa Yamai kilomita 1,360 ne ko kusa da haka. Damasak kuwa tsallaken kogi take, kuma daga can Maiduguri tafiyar ƴan awoyi ce.

Duk wannan ya ginu ne ba tare da gwamnati ta sa hannu sosai ba. Hankalin hukuma a fannin ban ruwa ya fi karkata ga manyan filayen da ONAHA ke kula da su, hukumar da aka kafa a 1978, irin su filin CDA na Diffa da na Lada da na Tam, inda shinkafa ce kan gaba. Da Shugaba Mahamadou Issoufou ya kawo shirin 3N a 2012, mai taken ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar, an yi maganar ƙaramin noman rani da gidan manomi a kowace gunduma da taki mai rahusa ta hannun hukumar CAIMA. Manufa ce mai kyau, amma manomin tattasai ya ci gaba da sayen takinsa a tsallake, saboda can ya fi kusa, ya fi sauƙi, kuma yana zuwa a kan kari. Babbar dokar da ta taɓa rayuwarsa kai tsaye ba daga ma'aikatar noma ta fito ba.

A Nuwamban 2014 Boko Haram ta kama Damasak da Malam Fatori, a Janairun 2015 ta afka wa Baga. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 ta kai hari Bosso da Diffa, karo na farko da yaƙin ya tsallako gadan-gadan. Ranar 10 ga watan gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jahar. Abin da ya biyo baya jerin hani ne: an hana hawa babur, an sa dokar hana fita da dare, an hana cinikin kifi, an hana fitar da tattasai, an ƙuntata sayen takin yuriya da sayen fetur a jarka.

Kowane hani da hujjarsa, kuma ba hujjar banza ba ce. Da babur maharan ke shigowa. Da yuriya ake haɗa abin fashewa. Fetur shi ke tafiyar da baburansu da jiragen ruwansu. Su ne kuma ke riƙe da hanyoyin da motocin tattasai da na bandar kifi ke bi zuwa Maiduguri, suna karɓar kuɗi a kan kowace mota. Sojan da ya ga an kashe abokan aikinsa, ya kuma san kuɗin harsashin daga ina ya fito, ba za a ce ya yi rashin hankali ba idan ya nemi a toshe hanyar. Abin da ba a auna ba shi ne nauyin da zai sauka a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Dokar ta faɗo ne a tsakiyar kakar tattasai. Manomi ya riga ya kashe kuɗinsa, ya ci bashi, ya tsinke, ya shanya, sai aka ce kada buhu ya motsa. Kaya suka taru a ɗakuna da rumfuna, farashi ya faɗi saboda kowa na da shi kuma ba mai ɗauka. Tattasai ba gero ba ne da za a ce a ci a gida har Allah ya kawo sauƙi. Idan ya daɗe a ajiye launinsa kan dushe, daraja ta tafi. Ɗan kasuwar da ya ba da bashi bai samu kuɗinsa ba, saboda haka da shekara ta zagayo bai sake bayarwa ba. Ƴan ƙwadagon da ke zuwa tsinka, masu ɗinkin buhu, ƴan dako, direbobi, masu gyaran inji, mata masu sayar da abinci a bakin kasuwa, duk igiya ɗaya ta ɗaure su. Samarin da ke kabu-kabu a cikin gari kuwa, rana ɗaya aka raba su da abin yi.

Ƙuntata taki da mai ya fi hanin cinikin daɗewa, ya kuma fi shi cizo. Manomi sai ya nemi izini daga hukuma kafin ya sayi abin da zai zuba wa gonarsa, kuma abin da ake ba shi bai kai abin da gonar ke buƙata ba. Tattasai idan ya rasa ruwa a lokacin fure, an gama. Da yawa sun rage fili, wasu suka bar noman ɗungurungum. Akwai abin da ke ƙona rai a nan: ɗanyen man da Nijar ke tacewa a matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, daga rijiyoyin Agadem yake fitowa, a arewacin wannan jaha ta Diffa. Bututu na ɗauke shi fiye da kilomita 400 zuwa yamma, manomin Geskeru kuwa yana bin layi da takarda don samun ƴan litocin da zai tayar da injinsa.

Masunta sun fi kowa ji a jika. Ranar 25 ga Afrilun 2015 maharan suka afka wa sansanin soji a tsibirin Karamga, suka kashe sojoji 46 da fararen hula 28 bisa alƙaluman gwamnati. Hukumomi suka ba mazauna tsibiran tafkin ƴan kwanaki su tashi. Kimanin mutum 25,000 suka fito, da yawa a ƙasa cikin zafin bazara, suka nufi Ngigmi da Bosso, suka bar jirage da komaye da dabbobi da gonakin masara a baya. Moussa Tchangari na ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, wadda ta soki yadda aka yi kwashen, an tsare shi a watan Mayu na wasu kwanaki. A wancan lokaci faɗin cewa doka ta cutar da talaka kan sa a yi wa mutum kallon mai goyon bayan abokan gaba.

Sai harin Bosso na 3 ga Yunin 2016, wanda ya kori kimanin mutum 50,000 cikin ƴan kwanaki. Ƙauyukan bakin kogi suka watse, wasu don tsoro, wasu da umarnin hukuma. Mutanen da jiya su ne ke ɗaukar ƴan ƙwadago suka koma zaman bukkokin tabarma da leda a gefen hanyar RN1, kan tudun rairayi inda ko rijiya babu, suna jiran motar ruwa da buhun agaji. An kuma rufe kasuwannin mako kamar Gagamari da Kinjandi, bisa zargin nan maharan ke sayayya. A shekarun nan adadin ƴan gudun hijira na gida da na Najeriya a jahar ya kai wajen 250,000.

Ciniki dai bai mutu ba, hanya ya sake. Da aka ɗan sassauta, motoci suka daina tsallaka gadar Dutsi zuwa Damasak, suka miƙa yamma a kan RN1, fiye da kilomita 450 zuwa Damagaram, wasu har Maraɗi, sannan su gangara Kano. Kowane ƙarin kilomita da kowane shinge kuɗi ne, kuma ɗan kasuwa ba ya ɗaukar wannan asara a kansa. Daga farashin da zai ba manomi yake cirewa. A daidai wannan lokaci naira ta karye. A Yunin 2016 babban bankin Najeriya ya sake ta, dala ta tashi daga naira 197 zuwa kusan 280 a hukumance, a kasuwar bayan fage kuwa ta doshi 500 a farkon 2017. Sefa tana ɗaure da yuro, ba ta motsa ba. Manomin da ke karɓar naira, ya kuma biya kuɗin asibiti da na makaranta da haraji da sefa, ya ga buhunsa yana ƙanƙancewa a hannun ɗan canji.

A Fabrairun 2017 rahotanni biyu suka fito kusan tare. Ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta cewa kafin rikicin, bandar kifi da busasshen tattasai suna shigar wa tattalin arzikin yankin kusan miliyar 28 na sefa a shekara, ta kuma nuna yadda matakan suka durƙusar da sana'o'in biyu. International Crisis Group ita ma ta yi gargaɗin cewa matse tattalin arzikin jaha na iya tura matasa wurin waɗanda ake yaƙa. Dattawan kwarin sun riga su faɗa, ba su dai da inda za su rubuta.

Shin an yanke wa maharan kuɗin shiga? Abin da ya bayyana daga baya bai nuna haka ba. Bayan rabuwar Boko Haram a 2016, ɓangaren ISWAP ya kafu a tafkin, ya mayar da karɓar haraji daga masunta da makiyaya da manoma wani tsari na dindindin. Wurin da hukuma ta kwashe mutane ta bari fayau, su suka shiga suka zama masu ba da izini. Masuncin da yunwa ta kora ya koma ruwa a ɓoye, ya biya su, ya kuma ɓuya wa soja a hanyar dawowa. Ke nan dokar ta mayar da halastacciyar sana'a ta zama fasa-ƙwauri, ta raba gwamnati da kuɗin duwan da na kasuwa, ta kuma raba ta da abin da ya fi kuɗi muhimmanci a irin wannan yaƙi, wato mutumin ƙauye da zai zo da kansa ya faɗa wa soja abin da ya gani.

A Oktoban 2017 aka ɗage hanin da ke kan tattasai. Na kifi sai a Maris 2019. An yi murna, amma ɗage doka ba ya dawo da inji da aka sayar don a ci abinci, ba ya dawo da jarin ɗan kasuwar da ya karye, ba ya kuma hana a sace manomi a gonarsa a nemi kuɗin fansa, abin da ya yawaita a Geskeru da Tumur da kewayen Shetimari a shekarun da suka biyo.

Ba a gama farfaɗowa ba sai Shugaba Muhammadu Buhari ya rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a Agustan 2019. Shinkafar waje da fetur ɗin da ake fitarwa ya nufa, ba tattasan Diffa ba, amma ƙofar ɗaya ce, kuma ta zauna a rufe har Disamban 2020. A Oktoban 2019 ɗin kuma Komadugu ya yi cikar da aka daɗe ba a ga irinta ba, ya shanye gonakin tattasai da na shinkafa, ya kori dubban mutane daga gidajensu.

Maganar ruwan nan ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Yawan abin da ke isowa Diffa da lokacin isowarsa sun dogara da abin da ke faruwa ɗaruruwan kilomita a sama, a madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa ta 1992, duka a jahar Kano, da kuma kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Hadeja da Nguru. Ƙasashen biyu suna cikin Hukumar Tafkin Chadi tun kafa ta a 1964. Abin da manomin Lada yake buƙata daga wannan zumunci ba mai yawa ba ne: a sanar da shi da wuri idan babban ruwa na tafe, kafin ya zuba takin da ya ci bashi ya saya.

A Yunin 2021 gwamnatin Mohamed Bazoum, wanda shi kansa haifaffen jahar ne, ta fara mayar da mutane garuruwansu, aka soma da Barwa, inda dubbai suka koma cikin rakiyar soji. Dalilin a fili yake: mutum ba ya noma a gefen kwalta. Wata biyu bayan haka aka kai wa sojojin Barwa hari, aka kashe 16. Duk da haka mutane sun ci gaba da komawa gonakin bakin kogi, wasu su yini can su kwana a gari.

Shekarar 2023 ta haɗa musu uku a jere. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai, litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take. Fetur mai arha da aka gina noman kwarin a kansa shekara arba'in ya ƙare ke nan. A Yuni aka sake sakin naira, zuwa farkon 2024 dala ta wuce 1,400. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Bazoum, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ba a ɗage ba sai a Fabrairun 2024, iyakar kuma ta buɗe a Maris. Kakar tattasai guda cur ta wuce a haka.

Gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta ɗauki wadatar abinci a matsayin ginshiƙin ƴancin ƙasa. Ta ƙaddamar da babban shirin ban ruwa don gyara tsofaffin filaye da buɗe sababbi, kuma Diffa na cikin jahohin da ya shafa. A Yulin 2024 ta rage kuɗin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, matakin da mai injin ban ruwa ya ji daɗinsa kai tsaye. A Oktoban shekarar ta hana fitar da shinkafa da gero da dawa da masara da wake, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso, don kada cimaka ta yi tsada a gida. Ga magidancin da ke sayen tiya a kasuwar Diffa wannan sauƙi ne. Ga wanda ya noma wake ko shinkafa a gabas kuwa, an rufe masa kasuwar da ke tsallaken kogi an buɗe masa wadda ke bayan Yamai.

A nan ne tsarin ke yawan tuntuɓe. Ana lissafin wadatar abinci da tan na hatsi, alhali gidaje da yawa a kwarin Komadugu da kuɗin tattasai suke sayen hatsin. Duk abin da ya taɓa farashin buhun tattasai ya taɓa tukunyarsu, ko da rumbunan gwamnati na OPVN cike suke da gero mai rahusa. Abin da manoman ke nema ta bakin ƙungiyoyinsu da majalisar manoma ta jaha bai canza ba tun kafin rikicin: taki mai kyau ya iso kafin dashe, ba bayansa ba, bashi daga wani wuri ban da hannun wanda zai sayi amfanin, ɗakunan ajiya da za su ba su damar jira har farashi ya tashi maimakon sayarwa a tsakiyar kaka, injinan niƙa da ƙunshewa a Diffa, domin ribar garin tattasai ta daina tsayawa a Kano. Yanzu an ƙara da famfo mai aiki da hasken rana, wanda wasu ayyukan raya karkara suka fara rabawa, kuma wanda ba ya buƙatar jarka ko takardar izini. Jami'ar Diffa, da aka kafa a 2014 da niyyar ta maida hankali kan noma da muhalli, tana da aiki a gabanta kan cututtukan da ke cin saiwar tattasai a filayen da aka shekara ana maimaita shuka ɗaya.

Dokar ta-ɓacin da aka kafa a Fabrairun 2015 an yi ta sabunta ta shekara da shekaru, wata uku-uku. Yaron da aka haifa a bukkar gefen RN1 a shekarar da aka gudu daga Bosso yanzu ya isa tsinkar tattasai, kuma ko zai yi ta a gonar ubansa ko a ta wani a matsayin ɗan ƙwadago, ya danganta da ko ƙauyensu na cikin waɗanda aka amince a koma.